Ku Tambayi Bakanike: Sabon kamshaf zai farfaɗo da tsohon babur mai ƙafa huɗu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da babur mai ƙafa huɗu, Honda TRX300 ƙirar 1998, wanda nake janyo buhunan masara da shi a gonata ta Ejura. Ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, kuma wani aboki ya ba ni shawarar in sa masa kamshaf irin na masu tsere, in ƙara wa kafireta girman jet, wato ƙaramar kafar da fetur yake bi. Shin hakan zai yi mini amfani? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina kamshaf ɗin tsere bai dace da aikinka ba. Aikin kamshaf shi ne buɗe bawul da rufe su, kuma na tsere yana ɗaga su sama sosai, yana barinsu a buɗe tsawon lokaci, saboda haka injin ba ya nuna ƙarfinsa sai an murɗa totur ya yi ƙara. Mai jan kaya a cikin taɓo kuwa yana bukatar ƙarfin ne tun daga lokacin da injin yake juyawa a hankali, kuma a nan ne irin wannan kamshaf yake ragewa. Injin naka silinda ɗaya ne mai cc 282, iska ce take sanyaya shi, don ɗaukar nauyi aka ƙera shi.

Kafin ka sayi komai, ka kai shi Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, a auna matsin silinda, domin injin da ya haura shekara 25 yawanci ringin fistan ne ko bakin bawul ya cinye. A duba sarƙar taimin, wadda take juya kamshaf, da rokoki, wato ƙarafan da kamshaf yake turawa su buɗe bawul. Idan kamshaf ɗin ya siɗe, a sa irin na asali ko wanda aka yi don ƙarfin ja, a sauya rokokin da suka lalace, tunda tsohuwar roka takan cinye sabon kamshaf nan da nan. A daidaita tazarar bawul bisa takardar wanda ya ƙera shi, injin yana sanyi.

Kafireta ita ce ta ƙarshe, bayan an wanke ta tare da iyakilina, wadda ƙurar hunturu take toshewa har mutum ya zaci injin ne ya mutu. Ƙaramin jet ne yake kula da silo zuwa rubu'in totur, allura tana riƙe tsakiya, babban jet kuma daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. A sauya abu ɗaya, a zagaya da babur ɗin, a ciro filogi a duba. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Baƙin toka yana nufin fetur ya yi yawa, fari fat kuma ya yi kaɗan, wanda ya fi haɗari, domin zafi yana iya ƙona bawul ko huda fistan. Kumasi da Ejura ba su da tudun da zai sa iska ta yi ƙaranci, don haka a fara da lambar jet ta asali, kada a hau sama da mataki ɗaya sai filogi ya nuna bukata.