Yadda za ki gane tsohuwar kwalbar turaren Lalique

'Yar'uwa, kin tambaya ko kwalbar da aka yi miki tallarta tsohuwar Lalique ce ta asali. Fara duba gindinta. René Lalique, ɗan Faransa mai ƙera kayan gilashi da ya kafa kamfanin Lalique, ya rasu a 1945, kayan da aka yi yana raye yawanci "R. Lalique" ke rubuce a jikinsu, bayan rasuwarsa kamfanin ya cire R ɗin. Sai dai 'yan damfara kan ƙara R da kansu, don haka sunan kaɗai bai isa ba.

Ni murfin na fi kula da shi. A da kowane murfi ana goga shi ne har ya zauna daram a bakin kwalbarsa, sau da yawa a zana lamba ɗaya a jikinsa da gindin kwalbar. In lambobin sun saɓa, ko murfin yana girgiɗi, an musanya shi, darajarta ta ragu sosai.