Yaya Zan Tsara Muƙamin Babban Kwamandan Sojojin Kundumbala a Ƙasar da Na Ƙirƙira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wata ƙasa da na ƙirƙira, wadda take bakin teku. Ɗaya daga cikin taurarin labarin shi ne babban kwamandan sojojin kundumbalar ƙasar, irin waɗanda ake sauke su daga jirgin ruwa su yi yaƙi a tudu. Wane muƙami ya dace da shi, wa ke naɗa shi, kuma mene ne aikinsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara da yanke shawara a kan yawan dakarun, domin shi ne zai nuna maka aninan da za ka ɗora wa mutuminka a kafaɗa. A Amurka, inda rundunar ta haura mutum 160,000, kwamandan janar ne mai anini huɗu. A Koriya ta Kudu, mai dakaru wajen 29,000, laftanar janar ne. Ita kuwa Holan, wadda ta kafa tata rundunar tun 1665, 'yan dubbai kaɗan gare ta, shi ya sa birgediya janar ke riƙe da ita. Idan ƙasarka ƙarama ce mai dakaru 3,000, ka ba shi anini huɗu, duk wanda ya san soja zai gane akwai gyara. Kada kuma ka kira shi admiral. A waɗannan ƙasashe uku, sojojin kundumbala suna amfani da muƙaman sojojin ƙasa ne: kanar, birgediya, janar.

Kuskuren da ya fi yawa a irin wannan labari shi ne a nuna babban kwamanda yana tsaye a bakin gaɓa yana ba da umarnin buɗe wuta. A tsarin Amurka ba ya jagorantar yaƙi ko kaɗan. Dokar Goldwater-Nichols ta 1986 ta fayyace cewa umarnin yaƙi yana tashi daga shugaban ƙasa zuwa sakataren tsaro, daga nan ya sauka kan kwamandojin yankuna. Aikin kwamandan kundumbala shi ne ɗaukar kurata, horar da su, sayen makamai, tsara runduna, da kare kasafin kuɗinsa a gaban majalisa. In ya gama shirya dakarun sai ya miƙa su ga wanda zai yi yaƙi da su. Ayarin da ke yawo a teku, mai kimanin mutum 2,200 a jiragen ruwa uku, kanar ne ke jagorantarsa. Saboda haka in kana son jarumin da zai sha hayaƙin bindiga, kanar ko kyaftin kake nema, ba babban kwamanda ba.

Batun naɗi kuwa, a Amurka shugaban ƙasa ne ke gabatar da suna, majalisar dattawa ta amince, wa'adin shekara huɗu ne, ana iya sabunta shi a lokacin yaƙi ko dokar ta-ɓaci. Yana ƙarƙashin sakataren sojojin ruwa, wanda farar hula ne, ba a ƙarƙashin babban hafsan sojojin ruwa ba. Shi da babban hafsan sojojin ruwa tsara ne. Tun 1978 yake cikakken mamba a majalisar manyan hafsoshi da ke ba shugaban ƙasa shawara. A Birtaniya da Koriya ta Kudu kuwa rundunar tana cikin sojojin ruwa ne kai tsaye. Zaɓi ɗaya daga cikin tsarin biyu ka tsaya a kai har ƙarshen littafi.

A ganina, rikicin da zai ƙawata labarinka yana ofis ne, ba a fagen daga ba. Jiragen ruwan da ke ɗaukar dakarunsa ba nasa ba ne, na sojojin ruwa ne. Hatta likitoci da malaman addini da ke tare da kundumbalar Amurka daga sojojin ruwa ake turo su. Ke nan kullum yana roƙon abin da ba ya hannunsa, ga sojojin ƙasa na ganin rundunarsa maimaici ce kawai da ke cin kuɗi. Akwai kuma tsofaffin janar-janar: a 2020 Janar David Berger, babban kwamandan kundumbalar Amurka na lokacin, ya fito da tsarin da ya raba rundunar da dukkan tankokin yaƙinta domin a mayar da hankali kan makamai masu linzami da yaƙin tsibirai, wasu magabatansa da suka yi ritaya suka fito fili suka soke shi. Siyasa ma tana shiga. Bayan Berger ya sauka a Yulin 2023, Janar Eric Smith ya yi fiye da wata biyu a matsayin riƙon ƙwarya, saboda Sanata Tommy Tuberville ya tare amincewa da ƙarin girman hafsoshi, sai a Satumba aka tabbatar da shi a matsayin kwamanda na 39.

Kada ka bar shi shi kaɗai a ofis. Ba shi mataimaki, wanda a Amurka shi ma anini huɗu gare shi, da babban samanja na rundunar, muƙamin da aka ƙirƙira a 1957, wanda ke kawo masa koken ƙananan sojoji ba tare da kwana-kwana ba. Shekarunsa ma ka lura da su: wanda ya kai wannan kujera yakan shafe fiye da shekara 30 a aiki, don haka ɗan shekara 35 ba zai hau ta ba, sai dai in ƙasar taka ta fito daga juyin mulki ne, ka kuma bayyana wa mai karatu hakan.