Shayi yana rage hawan jini?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shayin da mahaifinka ke sha safe da yamma zai taimaka masa kan hawan jini. Allah ya ba shi lafiya.

Ganyen shayi, baƙi ko kore, yana ɗauke da sinadarin filabonoyid, wanda ke sa jijiyoyin jini su saki, jini ya gudana ba matsi. Sai dai ragin kaɗan ne, maki 2 zuwa 3 a awon hawan jini. Zoɓonmu ma ya fi shi. A binciken Jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010, masu shan zoɓo kofi uku kullum tsawon mako 6 lambar sama ta awon hawan jininsu ta sauka da kusan maki 7.

Abin da ke damuna shi ne haɗin da muke yi. In an zuba sukari cokali huɗu da madarar gwangwani, ai an ɓata amfanin. Kada Baba ya bar maganin asibiti, kuma ya sanar da likitansa kafin ya lazimci zoɓo, don in ya haɗu da maganin, jini na iya sauka fiye da kima.