Baffa, ga dalilin da ya sa na dawo ban harba ba

Baffa, barka da war haka. Saƙonku ya iso, na kuma ga abin da ya tsaya muku a rai: yaya mutum zai kwana huɗu a kan duwatsun jihar Kolorado ta Amurka da bindiga a kafaɗa, ya ga nama da idonsa, ya sauko hannu rabbana? Ku da kuka yi farauta da adaka da karnuka, dole abin ya ɗaure muku kai.

Dabbar da muke farauta, wadda ake ce wa elk, dangin barewa ce a ido, amma ku ƙiyasta gwanki ya ƙara ƙiba. Namijin yakan kai kilo 300, da ƙaho mai rassa. Dabba ce mai taurin rai. In harsashi bai shige ta inda ya dace ba, sai ta haura tudu ta faɗa kurmi ta mutu can bayan kwana biyu, ba kai ba nama, ita kuma ta sha azaba a banza. Duk tsarinmu a kan gudun wannan aka gina shi.

Hukumar namun daji ta jihar ba ta yarda a harbi elk da bindigar da faɗin harsashinta bai kai milimita 6 ba, kuma sai harsashi mai buɗewa a cikin jiki. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, mu dai 'yan uwa da muke fita tare ba mai tsayawa a nan. Ni bindiga samfurin .30-06 nake riƙewa, wadda sojan Amurka suka fara amfani da ita tun 1906, da harsashi mai nauyin giram 11 da ɗoriya. Wani yana da .308, wani .270. Akwai masu son .300 Winchester Magnum, kuma ba shakka tana da ƙarfi, sai dai tana naushin kafaɗa sosai. Na ga ƙato ya saye ta, tsoron naushin ya sa yana runtse ido kafin ya ja kunama, saitinsa ya lalace gaba ɗaya. Wallahi gara ƙaramar da hannunka ya saba da ita. Kuma ingancin harsashin ya fi sunan bindigar muhimmanci: wanda ba ya tarwatsewa in ya gamu da ƙashi, irin Nosler Partition ko na jan ƙarfe zalla, shi nake saya ko da ya fi tsada.

Wurin harbi ɗaya ne a wurina. Sai ta ba ni gefenta, in sa saiti a bayan kafaɗa kaɗan, ƙasa da tsakiyar jiki, inda huhu biyu da zuciya suke. Kai ba a harbinsa; yana motsi, kuskure kaɗan ka karya mata muƙamuƙi ta tafi ta mutu da yunwa. Tumbi kuwa ya fi kowane muni. Tana gudu ba na harbi. Wata na tsaye a bayanta ba na harbi, domin harsashin nan yana ratsawa ya fita. Na kuma yi wa kaina iyaka, yadi 300, saboda nan ne na tabbatar a filin gwaji cewa ba na kuskuren faifai.

Kun yi tambaya kan halascin naman. Bismillah muke yi lokacin jan kunama, in mun tarar da sauran rai mu yanka nan take. Doka ma ta wajabta bin sawun dabbar da ka raunata, ta kuma hana barin nama ya ruɓe a daji. Sai ka feɗe, ka yi ta jigilar cinyoyi a baya har wurin mota, wani lokaci sawu huɗu cikin ƙanƙara. A nan na fahimci kowa ya ci zomo ya ci gudu.

To ranar da kuke magana, namijin ya fito gab da magariba, ya haura yadi 400, iska na kaɗawa a kwarin, kuma ƙugunsa ya juyo mini. Na bi shi da madubin bindiga har duhu ya rufe, zuciyata na bugawa, ina roƙon Allah ya juya ko ya matso. Bai juya ba. Na cire harsashi na sauko. Abokin tafiyata ya samu tamata washegari, muka raba, gidaje shida suka ci.

In Allah ya kai mu Oktoba zan sake neman lasisi. A gaishe mini da Inna da yara.