Lauya mai son aikin dokokin fasaha a Majalisar Tarayya: ta ina zai fara?

Malama, kin ce kin gama Makarantar Lauyoyi, kina son aiki a majalisa kan dokokin intanet da ƙirƙirarriyar basira. Ƙofofin biyu ne. Akwai aikin dindindin ta hannun Hukumar Ma'aikatan Majalisar Tarayya, a sashen tsara dokoki ko sakatariyar kwamiti. Akwai kuma hadimin ɗan majalisa, shi kuwa ranar da maigida ya bar kujera aikin ya ƙare. A ganina ta farko ta fi miki.

Abin da zai ɗaga ki shi ne iya rubuta ƙuduri. Cibiyar NILDS a Abuja, wato cibiyar nazarin dokoki da dimokuraɗiyya ta majalisar, tana koyar da wannan har matakin digiri na biyu. Kafin nan ki zauna da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, biro a hannu, ki bi su sashe sashe.

Ki daɗe a kan sashe na 24 na dokar 2015. Sashen ya haramta aika wasu irin saƙonni ta intanet, amma an sa kalmomi masu faɗi, irin saƙon da ke ɓata rai, ba a fayyace iyakarsu ba, sai aka riƙa kama 'yan jarida da shi. Kotun ECOWAS ta ce ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2024 aka gyara shi. Shi ya sa duk ƙudurin da ya zo teburinki, ki auna shi da sashe na 37 da na 39 na kundin tsarin mulki, masu kare sirrin mutum da 'yancin faɗin albarkacin baki, sannan ki kira injiniya ki tambaye shi ko abin da aka rubuta zai yiwu a na'ura.