Amsar Kawu Kan Sa Fawa Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce ka sa katin hoto mai cin wat 320, fawar da ke cikin kwamfutarka, wato akwatin da ke raba wa kayanta wuta, ta wat 500 ce, da katin ya kama aiki sai komai ya ɗauke. Kana da wata fawar a ajiye, kana tambayar me ya sa masu wannan sana'a suka saba hana a gama wayoyin fawa biyu wuri guda, alhali kowacce bolt 12 take bayarwa.

Da farko, in da hali, ka nemi fawa guda mai wat 750 ko 850 ka huta. Ita na fi so maka. Amma fawa biyu suna aiki lafiya lau in an bi ƙa'ida.

Wannan bolt 12 da kake gani a rubuce ba cif yake ba. Tsarin ATX, wato ƙa'idar ƙera kayan kwamfutar tebur, wanda Intel ta fito da shi a 1995, ya yarda da bambancin kashi 5 cikin ɗari, wato daga 11.4 zuwa 12.6. Sai ka tarar ɗaya tana ba da 12.2, ɗayar 11.9. Kamar tankin ruwa biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ka haɗa su da bututu: na sama ne zai yi ta zuba. Fawar da ta fi ƙarfi ita za ta ɗauki nauyin duka har kariyarta ta katse ta, sai nauyin ya faɗo kan ta biyun gaba ɗaya. In kuwa ɗaya tana kashe, wuta za ta riƙa komawa cikinta ta baya. Fawar manyan kwamfutocin saba, irin na cibiyoyin adana bayanai, an gina musu da'irar raba nauyi, ta kwamfutar tebur ba ta da ita. Shi ya sa wayar rawaya (ta bolt 12) ta wannan ba ta taɓa wayar rawaya ta waccan, haka ja (ta bolt 5), haka mai ruwan lemo.

Raba musu aiki za ka yi. Ta farko ta riƙe madabod, wato babban allon kwamfutar, da fulogin nan mai fil 24, da fulogin furosesa mai fil 8, da had dis da fankoki. Kada ka kuskura ka ba furosesa daga wata fawar, madabod daga wata. Ta biyun ta riƙe katin hoto kawai, kuma duk ramukan katin daga ita. Kowane fulogi mai fil 8 na katin yana ɗaukar wat 150, mai fil 6 wat 75, ramin madabod da katin yake zaune a ciki yana ƙara har wat 75 daga fawa ta farko. Wannan kaɗai ne inda fawa biyu ke ciyar da abu ɗaya, kuma yawancin katuna sun raba hanyoyin biyu a cikinsu. Ka jawo wa kowane rami wayarsa daban. Ka guji adaftar da ke mayar da fulogin SATA, wato na had dis, zuwa fil 6, don SATA ba ya wuce wat 54 a layin bolt 12. Narkewa yake yi.

Sai maganar kunnawa, inda yara suka fi yin ganganci. Fawa ba ta tashi sai an haɗa koriyar wayarta, fil na 16, da baƙar waya. Madabod ce ke yi wa ta farko wannan. Ta biyun ba ta da mai tashe ta, shi ne wasu ke lanƙwasa ɗan ƙarfe su cusa. Wannan na gwaji ne na minti ɗaya. In ka bar shi, katin zai kwana da wuta alhali kwamfuta na kashe, ranar da ƙarfen ya zame kuma katin zai rasa wuta yana tsakar aiki. Ka samo ɗan allon nan mai rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kanta) da ake kira Add2PSU: ka sa masa fulogin Molex ko SATA daga fawa ta farko, ka sa fulogi mai fil 24 na ta biyun a ɗaya gefen. Da wuta ta zo daga ta farko, rilen zai haɗa kore da baƙi, su tashi tare su mutu tare.

Fawa biyun su shiga soket ɗaya mai wayar ƙasa, kuma a ɗaure kowacce da sukurori a jikin akwatin kwamfutar, don ƙasarsu ta zama ɗaya. In akwatin ba shi da gurbi na biyu, ka ajiye ta inda fankarta za ta sha iska, ba a kan darduma ba.

Abu biyu nake roƙonka. In wayoyin fawarka masu cirewa ne, kada ka sa wayar wannan a jikin waccan ko da bakin ya shiga daidai. Kowane kamfani da yadda ya jera filolinsa, bolt 12 na iya sauka inda 5 ya kamata, had dis ya ƙone nan take. Sannan kada ka buɗe murfin fawa. Manyan kafasitocin ciki, masu ajiye wuta, suna riƙe kusan bolt 400, kuma ba sa saki da zarar an zare fulogi.

In ta ajiyar taka tsohuwa ce, tana iya ƙin tsayawa daidai idan layinta na bolt 5 ba ya jan komai: bolt 12 ya faɗi, ko ta kashe kanta. Rizisto mai om 10, wat 10, tsakanin ja da baƙi yana jan rabin amfiya, yawanci ya isa. Yana zafi, kada ya taɓa roba.

Kafin ka sa katin, ka kunna su haka nan ka auna da mita tsakanin rawaya da baƙi. Bayan ka sa shi ka sake aunawa yana cikin aiki. In ya sauka ƙasa da 11.4, ko ka ji fulogi ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, ka kashe, wannan fawar ba ta katinka ba ce. Ka turo min hoton takardar da ke manne a jikinta in ga amfiya nawa aka rubuta a layin bolt 12. Katinka yana son aƙalla 30.

Kawunka.