Me Ya Sa Jami'o'in Amurka Suke Duba Launin Fata, Kuma Ina Kamanninsa da Tsarin Kason Najeriya?

Tambaya: Malam, na ji an ce kotun ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Me ya sa ake dubawa tun farko, kuma shin daidai yake da tsarin kason da jami'o'inmu ke bi? Daga wani malamin sakandare a Zariya.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. A ranar 29 ga watan Yunin 2023 kotun ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar da jami'ar Harvard da jami'ar Carolina ta Arewa, inda alƙalin alƙalai John Roberts ya ce fifita ɗalibi saboda launinsa ya saɓa wa ƙa'idar daidaito a gaban doka. Sai dai ya bar wata 'yar kafa: ɗalibi na iya bayyana yadda wariya ta shafi rayuwarsa a takardar neman gurbi, jami'a kuma ta duba wannan.

Asalin tsarin neman gyara ɓarnar bauta da wariya ne, waɗanda suka daɗe suna tsare baƙaƙen fata a bakin ƙofar manyan makarantu. Amma a 1978 hujjar ta sauya salo. Makarantar koyon likitanci ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ware gurabe 16 cikin 100 ga 'yan tsiraru, sai wani Bature mai suna Allan Bakke, wanda aka ƙi ɗauka har sau biyu, ya kai ƙara. Kotu ta soke warewar, ta kuma yarda a duba launi a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan la'akari, bisa dalilin da Mai shari'a Lewis Powell ya kawo, cewa cuɗanyar ɗalibai mabambanta tana inganta karatun kowa. A ganina nan ne tsarin ya samu rauni, domin an bar maganar hakkin wanda aka zalunta an koma maganar amfanin aji, wanda auna shi da alƙaluma ke da wuya. A 2003, a shari'ar jami'ar Mishigan, Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta yi fatan bayan shekara 25 ba za a ƙara buƙatar tsarin ba. Shekara 20 kawai ya ƙara yi bayan nan.

Wahalar aunawa ba ta nufin babu amfanin. Ka ƙaddara ɗalibin likitanci da bai taɓa zama a Arewa ba ya tsaya gaban gadon wata tsohuwa, ta ce masa "shawara" ke damun ta. Idan 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwa ce kawai jarinsa, zai ɗauka nasiha take nema, sai abokin karatunsa ɗan gari ya ja masa fatar idonta ƙasa ya nuna masa yadda farin ya koma rawaya. Wannan darasi daga abokin zama ake samun sa.

Game da Najeriya kuwa, akwai kama amma ba ɗaya ba ne. Tsarinmu jiha yake dubawa: a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya ta fuskar ilimin boko. Tushensa manufar raba daidai tsakanin sassan ƙasa ce, wadda ta shiga kundin tsarin mulkin 1979, saboda haka hukuncin Amurka bai taɓa shi ba.

Sukar da ake yi wa tsarin biyu dai kusan ɗaya ce, kuma ban ga laifin masu yin ta ba. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja yana iya cin gajiyar takardar shaidar jiharsa, alhali ɗan manomin da aka ƙirƙiro kason dominsa bai ma kai ga zana jarrabawar JAMB ba. Jihar Texas ta gwada wata hanya a 1997, inda ta ba duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar, ko da makarantarsa ta ƙauye ce. Irin wannan awo, da ke duba makarantar da yaro ya zauna maimakon jihar da kakansa ya fito, shi nake ganin ya kamata hukumominmu su nazarta.